Cinnakun Gonar Surajo

Ladan ya sa babban yatsa ya buɗe tsakiyar ganyen masarar, inda sabon kunne ke fitowa, sai ga tsutsar kwance ta yi ɓul-ɓul, tana juya baƙin kanta kamar mai tambayar wa ya tashe ta. Jiya-jiyan nan ya yi wa gonar feshi na uku. Har yanzu warin maganin bai bar rigarsa ba, fatar wuyansa kuma sai raɗaɗi take yi inda tankin ya ɗiga masa. Amma tsutsar ko gezau. Ta cinye kunnen, ta bar masa kashinta jiƙe kamar dusa. Ya murtsuke ta tsakanin yatsunsa, ya goge hannu a wando, ya matsa gaba ya buɗe wata. A nan ma ya tarar da 'yar'uwarta.

Tsutsa dai ba baƙuwa ba ce a wurin manomi, amma wannan ba irin wadda iyaye suka sani ba ce. 'Yan shekarun nan ta ɓullo a bakin tafkin Kainji, ba sallama, ba wanda ya san daga inda ta taso. Wani ɗan faɗa-wuta ne mai launin toka ke zuwa ya jera ƙwai a bayan ganye, kwana kaɗan su ƙyanƙyashe, su gangara can cikin zuciyar masarar su ɓuya inda feshi ba ya kaiwa. Bara ta ɗan taɓa mutanen Tungar Wakili ta wuce. Bana kuwa da shirin zama ta zo. Gonar Ladan daga wannan kai zuwa wancan ganyenta ya huhhuje kamar rariya.

Da a ce abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Annoba in ta game gari ai ta kowa ce, a haɗu a jajanta wa juna a tashi. Abin da ke cin ran Ladan yana can bayan layin gamba, taku goma daga inda yake tsaye. Gonar ƙaninsa Surajo ce, rabin gonar mahaifinsu da aka raba musu bayan rasuwarsa. Ƙasa ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya suka yi shuka. Ga ta nan koriya shar, ganye faffaɗa yana sheƙi, iskar tafki na kaɗa shi yana wata ƙara mai daɗin ji. Ladan ya yi ƙoƙarin kawar da kai, idonsa ya ƙi.

Surajo fa masunci ne. Tun suna yara haka aka raba musu duniya: kogi na Surajo, gona ta Ladan. In auta ya dawo da tarwaɗa a igiya mahaifiyarsu Inna Tabawa ta yi ta sa masa albarka har maƙwabta su ji, Ladan yakan haɗiye abinsa, don ya san in kaka ta yi shi za a yaba. Shi ne mai tankin feshi guda ɗaya a garin, shi ake kira gona-gona, shi ya san wace kwalba ake haɗawa da wace. Sai kifi ya ja baya, komar kamun kifi ta riƙa fitowa da ciyawa, Surajo ya jingine jirginsa shekara biyu da suka wuce ya ɗauki fartanya. Ladan ne ma ya koya masa yadda ake tayar da kunya, yana yi yana masa dariya.

Yana cikin wannan tunani sai ga Surajon tafe da bokiti da ɗan gwangwanin madara, ƙarnin kifi na gaba yana biye.

"Yaya, an tashi lahiya? Ya gonar?"

"Ga ta nan kana gani," in ji Ladan.

Surajo ya ajiye bokitin, ya leƙa masarar da wansa ya buɗe, ya girgiza kai. "Wallahi Yaya, da ka gwada abin ga ko ga kunya biyu. Kan kihi da hanji na kawai, Murja ka dahwa min, in ya huce in ɗan zuba cikin kan masarar. Cinnaku na jin ƙarni su hau. In sunka iske tsutsa, sai su taru su jawo ta waje. Ni ba wani abu nika yi ba, sai ƙwan da nika murtsukewa in na gani."

Ba a wata makaranta ya koyo ba. Matarsa Murja ce ke watsa ruwan wankin kifi a bakin gonar, shi kuma da idon masunci, wanda ya saba kallon ruwa har ya gane inda kifi yake, ya lura masarar wurin ce kaɗai tsutsa ba ta gama da ita ba.

Ladan ya yi wata dariya wadda ba ta wuce maƙogwaro ba. "Wato ni, shekara ashirin da biyu ina noma, yau in koma ba masara romo? Gobe kuma sai ka ce in tuƙa mata tuwo."

"Allah shi ba ka haƙuri, Yaya."

Surajo ya ɗauki bokitinsa ya ƙetara gamba. Ladan ya bi bayansa da kallo, yana ganin yadda yake sunkuyawa kan kowace masara yana ɗiga mata romo. Baƙin ciki yake yi wa ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ya san haka ne.

* * *

Magana ba ta kwana a ƙauye. Kafin mako ya zagayo, duk wanda ya bi hanyar gonaki da safe sai ya ci karo da magidanta riƙe da bokiti. Matan da ke bandar kifi a bakin ruwa suka daina zubar da hanji, har rigima ake yi a kansa. Tankin Ladan kuwa yana rataye a bangon ɗaki, gizo-gizo ya fara gwada saƙa a hannunsa.

Ranar da ta fi masa zafi ita ce ranar da malamin gona, Malam Sunday, ya zo daga Shanga a kan babur. Da can in ya shigo gari, ƙofar Ladan yake fara tsayawa. Ran nan ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce, ya tambayi gonar Surajo. Ya daɗe a ciki yana durƙusawa, yana ɗaukar hoton cinnaku da wayarsa. Da ya fito gindin tsamiyar masallaci inda ake zama, ya ce wa mutane sun yi sa'a, don tsutsar nan ta fara sabawa da magungunan da ake sayarwa a kan tebur a kasuwa, wasu kwalaben ma ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Ya ce feshi barkatai yana kashe ƙwarin da ke taimakon manomi ya bar tsutsar. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma mutum uku suka waiwayo suka dubi Ladan.

Da baƙon ya tafi, Ladan ya gyara zama ya ce, kamar mai magana da iska, "Ni dai abin da nika mamaki, gona biyu manne da juna, tsutsa ta san iyaka? Mutanen ruwa fa ba a raba su da 'yan ƙulle-ƙulle."

Ya jefa maganar ne ko wani zai cafe. Sai Wakili, dattijon garin, ya ɗago daga igiyar da yake tufka.

"Ladan, ni ma na zuba romon ga gonata, kuma da idona nig ga cinnaku na jan tsutsa. In asiri na, to ni ma na zama boka. Ƙanenka na fa."

Aka yi dariya. Ladan ma ya buɗe haƙora ya taya su, kunnuwansa na zafi.

A gida ma bai tsira ba. Rumbunsa ya kai ƙasa tun farkon damina, 'ya'ya biyar, kuma masarar nan ita ce ke fara kore yunwa kafin gero da shinkafa su nuna. Matarsa Zulaihatu ta ce masa a hankali ko ta roƙo masa hanjin kifi wurin Murja. Kallon da ya yi mata ya sa ta ja bakinta ta koma wanke-wanke.

Ranar Juma'a bayan an sauko, su biyun suka je gaida Inna kamar yadda suka saba. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, idonta ɗaya ya fara hazo amma kunnenta ba abin da ke wuce shi.

"Ladan, na ji an ce gonarka ta tahi."

"Da sauranta, Inna."

"Ba sauran komi," in ji ta. "Zulai ta gaya min. Mi ɗiyan ga za su ci?"

Kafin ya buɗe baki Surajo ya riga shi. "Inna, ki bar damuwa. Rumbu guda munka tashi muna ci tun Baba na da rai. Abin da gonata tab bayar bana, biyu za mu raba da Yaya. Ɗiyanai ai ɗiyana na."

Tsohuwa ta saki gyaɗar ta ɗaga hannu biyu. "Allah shi yi maka albarka, auta. Allah shi ba ka masu yi maka. Ka ji ɗan halas, Ladan, ka ji ƙanenka."

"Na ji, Inna. An gode."

Da ƙyar kalmar ta fito. Wani zai ce ai wannan abin farin ciki ne, yunwa ta kau daga gidansa. Zulaihatu ma haka ta ɗauka, har da guɗa ƙasa-ƙasa da labari ya kai mata. Ladan kuwa abin da yake gani daban. Yana ganin ranar da za a ɗauko buhu daga gidan Surajo a ratsa gari da shi tsakar rana a kawo ƙofarsa, mutanen gindin tsamiya na kallo. Yana ganin 'ya'yansa na cin tuwo suna cewa na Baba Surajo ne. Shi da ake kira uban noma, masunci ya ciyar da shi. Ya ji gara a ce duk garin ba wanda ya samu ko zangarniya ɗaya.

* * *

Ranar Talata aka bugo waya daga Wara cewa mahaifin Murja ya rasu. Surajo ya haɗa kaya cikin gaggawa, don jirgin injin da zai gangara da su ba ya jiran kowa. A bakin ruwa, Murja na kuka cikin mayafi, ya ja wansa gefe.

"Yaya, sai an yi sadakar bakwai za mu komo, wataƙila mu ɗara. Masarag ga yanzu taka shirin goyo, yanzu na lokacinta. Na bar ma Zulai busasshen kihin warangi, ta riƙa dahwawa. Bayan kwana bibbiyu a zuba. Abu guda nika roƙonka: kak ka bari magani shi taɓa ta. In cinnakun ga sunka mutu, gonar ta mutu."

"Na ji."

"Don Allah, Yaya."

"Na ce na ji. Ni yaro na?"

A yi masa adalci, ranar farko ya je. Ya fita tun gari bai gama wayewa ba don kada a gan shi da bokiti. Ya zuba wa kunya uku, sannan ya tsaya ya zura ido, yana fatan ya ga ba abin da zai faru. Ba a jima ba baƙin layi ya taso daga gindin masarar, ya hau kara, ya shige tsakiyar ganyen. Can sai ga su sun fito da wata 'yar tsutsa tana murɗe-murɗe, wasu sun kama kai wasu sun kama gindi, suka gangara da ita har bakin raminsu. Gaskiyar yaron ce. Abin da tankinsa da kwalabensa suka kasa, ga shi ƙwaron da ake takawa da ƙafa yana yi a kan romon warangi. Maimakon ya ji sanyi, sai ya ji kamar an ƙara masa gishiri a ciwo.

"A'a, Ladan!" Muryar Wakili ce daga hanya, yana tafe da fartanya a kafaɗa. "Kai ma ka shiga makarantar Surajo? Madalla. Ilimi ba shi da babba."

Dattijon da zuciya ɗaya ya faɗa, ya wuce abinsa. Ladan ya tsaya da gwangwani a hannu har mutumin ya ɓace. Sannan ya kifar da sauran romon a kan hanya ya koma gida. Washegari bai je ba, jibi ma haka. Zulaihatu na dafawa, shi yana ɗauka ya zubar a bayan gari.

A kwana na huɗu Inna ta ɗauki sandarta ta ce sai ta ga gonar autanta da idonta. Ta dawo tana haki, tana kakkaɓe ƙafa, ta tsaya a ƙofar ɗakin Ladan.

"Ladan! Na ga huji ga ganyen masarar yaron ga. Ga cinnaku ko'ina, sun cicccije min ƙahwa. Kai kana da magani rataye ga bango, tsutsa na shiga gonar ƙanenka kana kallo?"

"Inna, shi yac ce kar a yi mata feshi."

"Yaro na, mi ya sani? Jiya-jiya yaf fara noma. Kai ad da sani. Ni nic ce ka tahi ka yi."

Bayanin na kan harshensa. Jimla biyu za su isa: cinnakun nan su ne masu gadin gonar, Inna, na gani da idona. Inna ba ta da gardama in an fahimtar da ita. Ya dubi fuskarta, duk ta rikice saboda 'yan huji a ganyen Surajo, ita da ba ta taka ko sau ɗaya ta dubi tasa gonar da ta zama tsumma ba. Sai ya haɗiye jimlolin.

"To, Inna. Tunda ke kinka ce."

Da sanyin safiya ya sauko da tankin ya share masa yana. Ya zuba kwalba biyu da ya saya a kasuwar Yauri, waɗanda rubutun jikinsu ya goge, ya ƙara fiya-fiya cikin gwangwani, ya cika da ruwan tafki, ruwan ya yi fari kamar nono. Ya goya, ya ƙetara gamba.

Duk wanda ya taɓa riƙe tanki ya san mai neman tsutsar nan sama yake ɗaga bakin ƙarfen, ya saita shi cikin kan masarar. Ladan ƙasa ya yi da shi. Ya bi gindin kara ɗaya bayan ɗaya, inda ya ga ɗan tulin ƙasa mai laushi ya tsaya ya danna har ramin ya cika ya tumbatsa. Hannun hagunsa na buga famfo, bakinsa na maimaita Inna ce ta sa ni, Inna ce ta sa ni. Tanki biyar ya juye. Da rana ta ɗago ya waiwaya, sai ya ga cinnakun sun dunƙule baƙi ƙirin a tsakanin kunyoyi, ba mai motsi.

Ba za a ɓoye ba, daɗi ya ji. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa wanda rabonsa da shi tun farkon damina. Ran nan ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

* * *

Masu magana sun ce hassada ga mai rabo taki ce, amma ba su faɗi yadda ake ƙarewa ba in mai hassadar ya zo da tankin feshi a bayansa. Faɗa-wutan da ke tashi daga gonar Ladan ba su da nisan tafiya, gamba kawai za su ƙetara. Suka jera ƙwai, ba mai murtsukewa. Suka ƙyanƙyashe, ba mai jan su waje. 'Yan ƙananan da ke ɓoye a zuciyar masarar tun da farko suka samu sarari, suka ci suka yi ƙiba. Ganyen ƙasa kuma ya ƙone saboda ƙarfin maganin.

Kwana goma sha biyu Surajo ya yi a Wara. Daga jirgi bai shiga gida ba, gona ya nufa da jakarsa a kafaɗa. Ladan na cikin tasa gonar yana yi kamar yana cire ciyawa, yana kallonsa ta ƙasan ido. Surajo ya tsaya a bakin gamba ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya shiga, ya buɗe masara ɗaya, ya buɗe ta biyu, ya bari. Ya durƙusa ya tona gindin kara da yatsa, ya ɗebo ƙasar ya kai hancinsa. Ya matsa gaba ya sake tonawa. Haka ya yi ta yi har ƙarshen kunyar, bai ɗago ya dubi wansa ba ko sau ɗaya.

Inna ce ta tare shi a tsakar gida tana kuka. "Ni ta, auta, ni nis sa shi. Ya ce min ka hana, nic ce shi yi. Kak ka ga laihin wanka, umurnina yab bi. Tsuhwa ta kai ni."

Surajo ya zaunar da ita, ya share mata hawaye da bakin mayafinta. "Ba komi, Inna. Haka Allah yan nuhwa. Ki bar kuka."

Ladan na tsaye a bakin zaure yana ji. Ya bar tsohuwa da kayan a kanta.

Surajo bai saduda nan da nan ba. Murja ta dafa romo, ya bi gonar yana zubawa safe da yamma, amma ba wanda ya amsa gayyatar. Romon ya yi tsami a cikin ganye, ƙudaje suka taru. Masarar ta yi goyo ƙanana, tsutsa ta huda su ta ƙasan gemu ta shige.

Mutanen gari kuwa ido suke bi. Suka ga gonar da ake misali da ita ta koma kamar ta kowa, sai suka fara cewa ashe abin Surajon ma na ɗan lokaci ne, ashe tsutsar nan ba ta jin romo. Wasu sun ji ƙishin-ƙishin ɗin feshi, suka tambaye shi. Ya ce a bar maganar, don bai ga yadda zai tona ba tare da sunan Inna ya shiga bakin mutane ba. Ɗaya bayan ɗaya aka ajiye bokiti. Wakili kaɗai ya ci gaba da nasa, ana masa dariya ana cewa tsufa ne. Aka dawo ana sallama a ƙofar Ladan tun da asuba: a taimaka a zo a yi mana feshi. Ya goya tanki yana bin gonaki, ana ce masa uban noma kamar da. Abin da ya nema ya samu, sai dai ya rasa dalilin da ya sa sunan ya daina yi masa daɗi a kunne, kuma tsutsar ba ta fasa cin abinta ba.

* * *

Da kaka ta yi, abin da Ladan ya karyo a gonarsa bai cika kwando uku ba, rabinsa ruɓaɓɓe. Zulaihatu ta zauna tana tsince na kirki, tana jefa wa kaji sauran.

Da hantsi sai ga Surajo ya shigo da buhu ɗaya a ka, Murja na biye da wani buhun wofi da tiya. Ba a ratsa gari ba, ta ƙofar baya suka zo. Inna ta dogaro sandarta ta biyo su, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Surajo ya sauke kayan a tsakar gida. Gonar da aka yi zaton za ta cika rumbu biyu, abin da ta bayar ke nan bayan an sussuke.

"Yaya, zo mu raba."

"Bar shi, Surajo. Kai ma kana da iyali."

"Gaban Inna nif faɗi. Zo ka riƙe min bakin buhun."

Yara suka zagaye su. Ladan ya taso, ya karɓi buhun wofin ya buɗe bakinsa da hannu biyu, ya sunkuya. Surajo ya cika tiya ya juye masa, ya cika wata ya juye a gefe kan tabarma. Ƙwayoyin ƙanana ne, wasu da baƙin tabo inda tsutsa ta gutsura. Kawunansu na kusa da juna, har Ladan na jin numfashinsa.

"Jibi za mu koma Wara," in ji Surajo, muryarsa ƙasa-ƙasa yadda Inna ba za ta ji ba. "Surukina ya bar jirgi da koma, ba mai riƙe su. Gonar ka haɗa da taka ka noma. Ka kula da Inna."

"Surajo, ai ba sai ka..."

"Tsutsa sama take, Yaya." Ya sake cika tiya, ya share bakinta da tafin hannu. "Ni kuwa ƙasa nis sami maganin. Rami-rami. Inna ba ta ce maka haka ba."

Ladan ya mayar da idonsa cikin buhun. Surajo ya ci gaba da zubawa, ɗaya nan ɗaya can, har tiya ta kankari ƙasan buhunsa. Ɗan abin da ya rage ya tattara da hannu ya zuba a na wansa.

"Allah shi bar ku tare," in ji Inna daga inuwa, tana share ido. "Allah shi yahe min ɓarnar da nij ja muku."

"Amin, Inna," in ji Surajo. Ya ƙulle nasa kason a zane, ya ɗora a ka, Murja ta bi shi suka fita.

Ladan na nan sunkuye riƙe da bakin buhun, ya manta an gama. Sai da Zulaihatu ta taɓa shi ta ce ya kawo ta kai ɗaki, sannan ya saki. Buhun bai kai ya tsaya da kansa ba. Ya lanƙwashe a hankali ya kwanta a kan ƙafarsa, 'yan ƙwayoyi suka gangaro ƙasa, ƙaramar 'yarsa ta durƙusa tana tsince su ɗaya-ɗaya kafin kaji su iso.